Motar daji mai yawo bisa hanya: ina ciwon yake?

Duk wanda aiki ya taɓa kaiwa Dakwaro, ko Tanut, ko Cintabaradan, ko ƙauyukan da ke bayan Gure, ya san irin hidimar da motocin nan da ake kira kat-kat, wato masu ja da ƙafa huɗu, ke yi wa ƙasarmu. Su ke kai masu allurar rigakafi rugagen makiyaya, su ke ɗauko mace mai naƙuda daga likitar ƙauye zuwa babban asibiti, su ke kai malaman gona rangadi, ran kasuwa kuma su ke kwasar jama'a da buhunansu da awakinsu. Land Rover ce ta fara wanga aiki, ita da anka ƙera ta farko a Ingila cikin 1948. Daga baya Toyota ta Japan ta karɓe fagen, musamman Land Cruiser jerin 70 da ta fito cikin 1984, da ƙanwarta Hilux.

Waɗanga motoci suna da ƙarfi ƙwarai, amma akwai wani ciwo da ke kama su sannu a hankali, har direba ya saba da shi bai ankara ba. Ciwon shi ne sakin sitiyari, wanda wasu ke kira bolan. Mota ta daina kama hanya da kanta: ta zarce dama, direba ya maido ta, ta zarce hagu, ya sake maido ta, hannuwansa ba su hutawa kamar na mai tankaɗe. Wanda ke biye da ita daga baya sai ya ga tana tafiya kamar raƙumin da anka sakar wa akala. In ka tambayi direban, sau da yawa amsar guda ce: halinta ne, haka motar daji take. Ba haka ba ne. Gaskiya motar daji ba ta kai ƙaramar motar gari ladabi ba, sabili da tsayinta da manyan tayoyinta, amma lafiyayyar kat-kat tana tafiya miƙe bisa kwalta mai kyau, direba na riƙe da ita da ƴan yatsu.

Mu yi ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 72 a awa tana cin mita 20 kowace daƙiƙa. In hancinta ya kauce da digiri 1 kaɗai, abin da ido ma ba ya gani, cikin daƙiƙa guda ta gusa gefe da santimita 35, cikin daƙiƙa 3 ta wuce mita guda. Mita guda kuwa, bisa hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ita ce tsakaninka da babbar motar da ke tahowa, ko tsakaninka da amalanken da ke bin bakin hanya da magariba ba fitila. Hukumar lafiya ta duniya, cikin rahotonta na 2023, ta ƙiyasta mutum miliyan 1 da dubu 190 ke rasa rayukansu kowace shekara bisa hanyoyi, kuma in an gwama da yawan jama'a, Afirka ce ke kan gaba. Kada kuma a ce ai daji fili ne, ba abin da za a kara. Iccen nan na Tenere, wanda ya yi suna duniya don shi kaɗai ne tsaye cikin ɗaruruwan kilomitoci na rairayi, mota ce ta kayar da shi cikin 1973. Gangar jikinsa na nan ajiye gidan tarihi na Yamai ga mai son gani.

Kafin a ɗauki sifana, ya kamata direba ya san sunan abin da ke damunsa, don makanike ba boka ba ne. Wasa daban, yawo daban. Wasa shi ne ka juya sitiyari ƙafafun ba su motsa ba sai ka yi nisa. Yawo shi ne mota ta riƙa kaucewa dama da hagu ba ka umurce ta ba. Akwai ja, wato ta nace gefe guda kullum. Akwai kuma makyarkyata, wadda ke tasowa bayan an faɗa rami ko an taka gargada, gaban mota duka ya kama kakkarwa har sai an rage gudu sosai. Ja, galibi, taya ce ko birkin da ya riƙe: a musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu, in jan ya sauya gefe an gano, a kuma kusanta hannu ga tsakiyar kowace ƙafa bayan tafiya, wadda ta fi ƴar'uwarta zafi birkinta ko rulmarta na da magana. Sauran ukun kuwa dangin juna ne, kuma su ne zancenmu.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi

Iskar taya ce farko. Kowane direban arewa ya san in za a shiga rairayi ana rage iska, a sauko wajen kilo 1 zuwa kilo 1 da rabi, don taya ta baje ta hau bisa yashi ba ta nutse ba. Wagga dabara daidai take. Laifin shi ne a fito kwalta a ci gaba da gudu da iskar rairayi, don famfo ya lalace ko don gaggawa. Taya mai laushi tana lanƙwashewa ƙarƙashin mota, amsarta ga sitiyari ta makara, ga zafi da take ɗauka har ta fashe. A auna iska da safe, taya na sanyi, da ma'auni, ba da shuri ko bugun ƙarfe ba. Adadin da masu ƙera motar sunka aza yana rubuce jikin ƙofar direba ko cikin littafin mota.

Sai a dubi tayoyin kansu. Biyun gaba su zama iri ɗaya, girma ɗaya, ci ɗaya. In an ga harafin R cikin lambar taya, kamar 7.50R16, radiyal ce. Ba a haɗa ta bisa pon guda da tsohuwar iri mai zare gicciye, don kowace da yadda take lanƙwasa, sai su riƙa jayayya. Taya kuma tana ba da labari ga wanda ya iya karatunta. Shafa tafin hannunka bisa ita daga ciki zuwa waje, ka maido. In ta yi santsi wajen tafiya, ta yi kaifi kamar haƙoran zarto wajen komowa, bakin ƙafafun ya kauce. In ta ci tabo-tabo, nan rami can tudu, a tuhumi amortisar. Da damina a leƙa cikin ƙarfen ƙafa, don laka na bushewa nan gefe guda, ta sa rawa. A taɓa notocin ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Kaya ma suna da nasu laifin. In an jera tano biyu na gazuwal can ƙarshen baya, an ɗora buhuna, an aza mutane bisa buhunan, nauyi ya koma baya, gaba ya ɗaga, tayoyin da ke tuƙi sun rage dafa ƙasa. Motar da ta yi haka, ko jiya ta fito daga kamfani, za ta yi yawo. Abu mai nauyi a sa shi ƙasa, kusa da bayan direba, a ɗaure. Bisa rufi sai marar nauyi.

Ga kuma wani abu da masu sababbin Land Cruiser jerin 70 ya kamata su sani, don kada su ɓata kuɗi banza. Tun 2007 anka faɗaɗa gaban wagga mota ba a faɗaɗa bayanta ba, har tsakanin ƙafafun gaba ya fi na baya da kusan santimita 10. Cikin rairayi mai zurfi, ko cikin sawun da wasu motoci sunka haƙa, ƙafafun baya ba su faɗawa daidai sawun na gaba, sai a ji ƙugun mota na karkaɗawa. Wanga kam ƙira ce. In bisa kwalta tana tafiya miƙe, ba abin da ya lalace.

Mutum biyu da alli

Yanzu a auna wasan. A tsaida mota wuri mai ƙarfi kuma daidai, ƙafafu na kallon gaba sosai, a ja birkin hannu, a sa duwatsu gaba da bayan taya. In sitiyarin mai taimakon mai ne, a tada inji. Direba ya tsaya waje, ya miƙa hannu ta taga, yana kallon tayar gaba, ya juya sitiyari da yatsa biyu hagu har taya ta fara motsi, ya sa alama da alli. Ya maida dama har ta fara motsi, ya auna tazarar bisa da'irar sitiyarin. Littattafan Toyota suna aza iyaka tsakanin milimita 30 da 40, gwargwadon irin motar, wato kusan faɗin yatsu biyu. Abin da ya wuce haka gyara yake so. Wanda ya kai faɗin tafin hannu kuwa, wagga mota ba ta cancanci ɗaukar ko buhun gero ba, balle mai jego.

To, ina wasan ya ɓuya? Umurnin direba yana bin sarƙa ne kafin ya kai ƙasa. Daga sitiyari sanda ta sauka, da gaɓa ɗaya ko biyu da ake kira kardan, ta shiga akwatin sitiyari da ke ɗaure jikin shasi. Daga ƙarƙashin akwatin wani hannun ƙarfe ya fito, yana tura doguwar sanda zuwa ƙafa guda. Wata sanda kuma ta haɗa ƙafar dama da ta hagu don su juya tare. Kowane bakin sanda yana da rotil, wato ƙwallon ƙarfe cikin kwanonsa, kamar gaɓar ƙugun mutum, da hular roba da ke riƙe giris ciki. Akwatin yana rage juyi kusan kashi 20 zuwa 1, don a samu sauƙin tuƙi. Sabili da haka ƙaramin saki can ƙasa yana zama babba ga hannun direba: milimita 1 kaɗai ga rotil guda tana iya zama kusan santimita 2 bisa sitiyari. Rotil huɗu, kowace da ƴar milimitarta, ka ga inda tafin hannu ya fito. Shi ya sa sau da yawa ba a samun abu guda da za a nuna a ce ga mai laifi. An tara ne kamar adashi.

Gwajin da ya fi kowane amfani ba ya bukatar na'ura. Mota na tsaye bisa ƙafafunta, ba a ɗaga ta ba, don nauyinta shi ke sa gaɓoɓi su nuna halinsu. Yaron mota ya zauna ciki yana kaɗa sitiyari hagu da dama, gajere-gajere, da ɗan ƙarfi, ba tsayawa. Direba ko makanike ya kwanta gaba da fitila, ya bi sarƙar tun daga sama. In inji na tashe, giya ta kasance ba ta ciki, hannu da riga su nisanci farfela da bel. Ƙa'idar guda ce: duk inda ƙarfe biyu sunka haɗu, tare za su motsa. Inda ɗaya ya riga ɗaya, nan ne. A dafa kowace rotil da hannu, don hannu yana jin ƙwas ɗin da ido bai gani ba. A dubi hannun da ke ƙarƙashin akwati, ko babbar notinsa ta saki yana wasa bisa haƙoransa. A dubi akwatin kansa: in yana numfashi jikin shasi, ko bulon ɗinsa sun saki ko shasin ya tsage. Tsagar takan ɓuya ƙarƙashin laka da mai, sai an wanke. Alamarta jan gari ne na tsatsa da ke fita kamar an barbaɗa.

Kowace mota da wurin da takan yi rauni. Ga Land Cruiser, hannun da sandar ke kamawa yana ɗaure jikin ƙafa da bulon huɗu, ga wasu bisa, ga wasu ƙarƙashi. Gargada takan kwance su. In sunka saki ba a lura ba sai su karye, ran da sunka karye kuwa sitiyari ya zama abin ado, ba abin da ya haɗa shi da ƙafa. Duba waɗanga huɗun ba ya ɗaukar minti biyu, kuma a ganinmu bai kamata a fita dogon rangadi ba a taɓa su ba. Ga tsohuwar Land Rover mai lam, akwai wani ƙarfe mai miƙa juyi da ke dashe cikin shasi can gaba, wanda ke son mai amma kowa ke mantawa da shi; in ya bushe ya yi tauri, in ya ci ya yi wasa. Ga Hilux da ƙafafunta na gaba ke aiki kowace daban, a dubi rotil ta bisa da ta ƙasa. Waɗanda sunka fito daga 2005 zuwa yau ba su da akwati irin na da, sanda ce mai haƙora kwance. Ga su, robobin da ke riƙe ta jikin shasi da gaɓoɓin da ke ɓoye cikin robar nan mai ninki-ninki su ne abin tuhuma.

Abin da ke kashe rotil a ƙasarmu sananne ne. Hular robar ta tsage don rana ko ƙaya, rairayi ya shiga ya cakuɗa da giris, ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Damina ta zo, a ƙetare ƙorama ko gulbi cikin Yuli da Agusta, ruwa ya shiga ya ƙarasa aikin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rotil mai tsagaggiyar hula, ko ba ta fara wasa ba, kwananta ya ƙare. Wadda ke da bakin sa giris, a ba ta bayan kowane ƙetaren ruwa, a goge bakin tukuna don kada a tura yashi ciki.

Bayan wanga gwaji sai a ɗaga ƙafar gaba guda. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita; a tokare ta da ƙarfe ko gungume. A kama taya sama da ƙasa, a girgiza. In an ji ƙwas-ƙwas, abu biyu ne: ko rulma, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira boris, ko kuwa pibo, wato madogaran nan biyu, na bisa da na ƙasa, da ƙafa ke juyawa kansu. Rarrabe su da sauƙi. Yaro ya taka birki sosai, a sake girgizawa. In motsin ya ɓace, rulma ce, don birki ya kama ta. Ɗauri ko sauyi take so. In yana nan, pibo ne. Pibon yana da nauyin ɗauri da ake daidaitawa da siraran faranti, ana auna shi da ɗan ma'aunin nan mai ƙugiya irin na masu saida nama. In ya yi sako-sako, shi ne babban mai kawo makyarkyata. A kuma dubi ƙwallon ƙarfen da ke ƙarshen pon: in wani baƙin abu mai ruwa kamar miyar kuka yana zuba nan, man pon ya ƙetara ya narke giris, madogaran na tafiya ba abinci.

Abin da ke riƙe pon

Ana iya samun dukan rotil lafiya, amma mota na yawo, don pon ɗin da kansa ba ya zaune wuri guda. Ga mota mai lam, a dubi ƙarafan nan masu siffar baka da ke ɗaure lam jikin pon, da robobin da ke bakin lam, da ƙusar tsakiya da ke riƙe ganyayyakin. In ƙusar ta karye, pon ya gusa gefe guda, mota ta riƙa tafiya a karkace kamar kare mai gudu. A auna da igiya daga tsakiyar ƙafar gaba zuwa ta baya, dama da hagu. Tsawon ya zo ɗaya. Land Cruiser 78 da 79, tun 1999, ba lam gare su gaba ba, ƙarfe ne mai murɗe, haka ma Land Rover Defender. Ga waɗanga, wata sanda ce kwance gicciye, kai guda jikin shasi kai guda jikin pon, ke hana pon zamewa gefe. In robobinta sunka ci, ko ramin bulon ɗinta ya faɗaɗa, yaro na kaɗa sitiyari za ka ga jikin mota duka na gusawa bisa pon kafin taya ta motsa. Bayan mota ma a dube shi, don pon na baya da ya saki yana tuƙa mota daga baya, direba na ta faɗa da gaba.

Akwai kuma dalilin da mutane da yawa ba su sani ba, shi ne kishingiɗar pibo. Ku dubi keke: ƙarfen da ke riƙe ƙafarsa ta gaba ba tsaye yake cak ba, kansa ya kishingiɗa baya. Wagga kishingiɗa ce ke sa yaro ya saki hannu keke na tafiya miƙe. Mota ma haka take, sai dai tata kaɗan ce. Ga Land Rover digiri 3 ne. Yanzu in mai mota ya ga yana son ta yi tsayi, ya sa dogayen ƙarafa, ko makanike ya ƙara tsawon maratayin lam, ko lam ta gaji ta kwanta, pon yana mirginawa, ƴan digirin nan su ragu ko su ɓace. Alamar ita ce bayan an sha kwana sitiyari ba ya komowa tsakiya da kansa, sai an maido shi da hannu, bisa miƙaƙƙiyar hanya kuma mota ta yi sakayau kamar ba ta taɓa ƙasa. Maganinsa a maida motar tsayinta na asali, ko a sa abin gyaran kishingiɗa da anka ƙera don haka. Sauya rotil goma ba zai yi kome ba.

Bakin ƙafafu kuma, wanda masu gareji ke kira paralelis, ana iya auna shi ko cikin daji. A sa alamar alli tsakiyar kowace tayar gaba, ta fuskar gaba, daidai tsayin tsakiyar ƙafa, a auna tsakaninsu. A tura mota gaba har alamun su koma baya daidai wancan tsayi, a sake aunawa. Bambancin ƴan milimitoci ne, kuma kowace mota da nata: tsohuwar Land Rover tana son gaba ya fi baya matsewa da milimita 1,2 zuwa 2,4, Defender kuwa, da ke ja da ƙafa huɗu kullum, tana son daidai ko gaba ya buɗe har milimita 2. In an samu santimita guda ko fiye, sanda ta daki kututture ko dutse ta lanƙwashe.

Akwati shi ne na ƙarshe

Mun ajiye akwatin sitiyari ƙarshe da gangan, don nan ne ake yawan yin ɓarna. Bisa kansa akwai wani sukurun daidaitawa da noti mai kulle shi, kuma da yawa daga masu gyara, da ka ce sitiyari na wasa, nan hannunsu ke fara zuwa. Su matse shi tam, direba ya ji sitiyari ya yi nauyi, ya ce an gyara. Ba a gyara ba. Sakin da ke ga rotil yana nan, an dai ƙara masa tauri, motar ta daina maido kanta, haƙoran cikin akwati kuma sun shiga cin juna. Motar da anka yi wa haka ta fi ta da yawo.

Akwatin an ƙera shi ne ya fi matsewa daidai tsakiyarsa, ya ɗan saki gefe da gefe. Sabili da haka a fara tabbatar da cewa in ƙafafu na kallon gaba, akwatin ma tsakiyarsa yake. A ƙidaya juyin sitiyari daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama, a koma rabi. In nan ƙafafu sun karkace, wani ya taɓa cire sitiyari ya maida shi miƙe don ido, maimakon ya daidaita tsawon sandar da ke ƙasa, motar kuwa tun ran nan cikin sakin akwati take tafiya. In an gyara wanga, sauran sarƙa duka lafiya, har yanzu sandar shiga na juyawa hannun fita bai motsa ba, sannan a taɓa sukurun, kaɗan-kaɗan, kada ya wuce rubu'in juyi kowane karo, ana gwadawa daga ƙarshe zuwa ƙarshe ko akwai inda ya cije. In ya cije wasan bai ƙare ba, akwatin ya ci, sai sauyi. A duba mansa, da bel ɗin famfo ga masu taimakon mai.

Haka zancen yake ga ɗan amortisar nan da ke kwance jikin sandar sitiyari. Aikinsa ya tare bugun da dutse ke aikowa hannun direba. Sabo yana iya rufe makyarkyata wata ɗaya ko biyu, kamar mai zazzaɓin da ya sha maganin ciwon kai, amma ba ya ɗaure abin da ya saki.

Game da kayan gyara, ra'ayinmu a fili yake. Kasuwanninmu cike suke da rotil masu kwali mai kyau da sunan kamfani bisa, ciki kuwa ƙarfen banza. Araha ba ta ado. Ana iya yin haƙuri da jabun fitila ko madubi, ba a yin shi ga abin da ya haɗa hannun direba da taya. Sandar da ta lanƙwashe, in an gasa ta da wuta an miƙe, ko an yi mata walda, ƙarfinta ya tafi. A yi haka cikin daji don a kai gari sannu-sannu, da an iso a jefar. Robar da anka yanka daga tsohuwar taya ma haka. Mai sauya rotil ya lura, akwai mai zaren dama akwai mai zaren hagu. Ya ƙidaya zaren da ke waje kafin ya kwance tsohuwar, ya maida sabuwa daidai nan, kuma kada ya manta ƴar ƙusar tsaro da ke ratsa noti. Lanƙwasasshiyar ƙusar kafinta ba ta maye gurbinta.

Wata magana kuma ga shugabannin ma'aikatu da masu riƙe da kuɗin aiki. Direban gwamnati ko na ƙungiya sau da yawa yana jin motarsa ta fara yawo amma ya yi shiru, don gudun a ce shi ya lalata ta, ko a ba wani tafiyar. Mai sa hannu bisa takardar tafiya shi ke zaune kujerar dama, shi ma cikin motar yake. Gwajin allin nan ba sai makanike ba, kowane shugaba yana iya tsayawa a yi shi gabansa cikin farfajiyar ma'aikata, a rubuta adadin cikin littafin mota kusa da kilomita. In wata uku baya milimita 25 ne yau ya zama 50, ba sauran gardama da kowa, takardar gyara ta rubuta kanta.

In makyarkyata ta kama ka bisa hanya, kada ka danne birki da ƙarfi. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗaga ƙafa daga mai, bari gudu ya sauka, ka gangara gefe ka duba kafin ka ci gaba. Bayan kowane gyara kuma a gwada motar bisa kwalta da bisa gargada, ba kowa ciki sai direba da makanike. In an yi tafiyar farko an komo, a sake bin notocin lam da na ƙafa da bulon huɗun nan da sifana, don sabon ɗauri yakan zauna ya saki.